Kwarmin ruwan ɗumin da na gina wa Baba a Agege



Tun da labari ya bazu a unguwa cewa na gina wa mahaifina wurin shiga ruwan ɗumi a gida, kusan duk Juma'a sai wani ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Wannan ya ce mahaifiyarsa ce ke fama da ciwon ƙugu, wancan ya ce nawa zan yi masa irinsa. Amsar da nake bayarwa a tsaye ba ta isa, kuma akwai ɓangaren labarin da ba na jin daɗin faɗa a cikin jama'a. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da inda na yi kuskure, don duk wanda zai yi ya san abin da zai shiga.

Ni falamba ne. Shekara goma sha huɗu ke nan ina wannan sana'a a Legas, kuma rabin aikina a gidajen masu hali yake, Ikoyi, Lekki, Victoria Island. A can na koyi gyaran bahon nan mai famfo da hita da kowa ke kira jakuzi. Asalin sunan Jacuzzi ne, sunan wasu 'yan uwa 'yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya ta Amurka suna ƙera famfunan ban ruwa. Ɗan ɗaya daga cikinsu ne ya kamu da ciwon gaɓɓai tun yana ƙarami, sai uban ya ƙera ɗan famfon da za a jefa a baho ya riƙa motsa ruwan ɗumi a jikin yaron. A 1956 suka fara sayar da shi. Ranar da na karanta wannan na daɗe ina tunani, domin yawancin waɗanda nake gyarawa ado ne kawai. Sai a shekara ba a shiga ba, ranar da maigida ya yi baƙi ya kunna, ruwa ya fito baƙi ƙirin daga bututu, a kira ni da gaggawa. Ashe abin tun farko don mara lafiya aka yi shi.

Baba kuwa goro ya yi wa bauta. Ya zo Agege yana saurayi, ya fara da dakon huhu kafin ya samu nasa jarin, ya yi shekara fiye da arba'in yana hawa da sauka daga kan manyan motoci. Gwiwoyinsa ne suka biya kuɗin. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi, kuma ba abu ne da zai dawo ba. Da asuba kafin ya miƙe daga shimfiɗa sai Inna ta dafa ruwa ta gasa masa da tawul. Ciwon bai dame shi kamar kujera ba. Shekara uku yana sallah a kan farar kujerar roba a ƙarshen sahu, mutumin da ba a taɓa raba shi da bayan liman ba. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma idan jikansa ya ɗauko kujerar zai kai masa masallaci sai ya kawar da kai.

Wata rana na kai shi asibiti na tambayi likitan ko zama a ruwan ɗumi zai yi amfani. Ya ce ba zai warkar ba, amma yana sassauta jijiyoyi, kuma ruwa yana ɗauke nauyin jiki, mutum ya iya lanƙwasa ƙafa ya miƙe ta ba tare da azaba ba. Ya ƙara da wata magana a kan hawan jinin Baba, ya ce kada ruwan ya yi zafi sosai, kada ya daɗe. Na ce to. Na ɗauka na ji.

A Disambar 2023 na fara aikin, lokacin buhun siminti bai kai dubu shida ba. Akwai wani lungu tsakanin ɗakin Baba da katanga inda Inna ke shanya, shi na roƙa ta ba ni. Abu na farko da nake faɗa wa duk mai tambaya shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita dubu tan guda ke nan, ban da bulo da mutum. Wanda ke haya a bene ya cire wannan tunani daga ransa. Ni na haƙa ƙasa na zuba kankare da rodi, na ɗora bulo mai inci shida na cika ramukansa da kankare. Cikinsa tsawon mita ɗaya da rabi, faɗin mita ɗaya, ruwan ya tsaya a santimita 60. Na yi dakali a ciki inda zai zauna ruwa ya kai masa ciki, da matakala biyu, da ƙarfen dafawa wanda na sa wani mai walda ya lanƙwasa mini daga bututun da na samo a Owode Onirin. Idan an cire wurin da dakali da matakala suka ci, ruwan ya kai kamar lita 750. Filasta sau biyu na yi da maganin hana yoyo, na cika shi da ruwa na bar shi kwana uku ina duba alamar da na yi da fensir, sannan na sa tayil. Tayil ɗin ƙasa mai kaushi na saya a Orile, ba mai sheƙi ba. Mai sheƙi ya fi kyau a hoto, amma tsoho da jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ya neman kyau.

Famfo da hita da filta na same su daga wani baho da aka cire a wani gida a Lekki, mai gidan ya ce in kwashe. Hitar mai kilowat uku ce, tana da na'urar da ke kashe ta da kanta idan zafi ya kai inda aka saita. A nan ne ban yarda na yi wa kaina aiki ba. Na kira abokina mai aikin wuta ya ja layi daban daga mita, ya kafa sandar at a ƙasa, ya sa birekar nan da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara, mai lamba 30 miliamfa. Birekar gida ta yau da kullum waya take karewa kada ta ƙone, ba mutum ba. Kafin ta faɗi wanda ke cikin ruwa ya riga ya tafi. Na taɓa zuwa wani gida na tarar wani ya cire irin wannan bireka ya haɗe wayoyin kai tsaye saboda wai tana yawan faɗuwa. Da na buɗe hitar sai na ga ƙarfenta ya tsage, ruwa na taɓa wuta. Birekar gaskiya take faɗa, shi ne aka rufe mata baki.

Da na gama na kira Baba ya gani. Ya tsaya da sandarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yanzu duk wannan ruwan mutum ɗaya ne zai shiga? Ni kifi ne?”

Na ce, “Baba, magani ne.”

Ya ce, “Almubazzaranci dai. A garinmu wannan ruwan gida guda ne na kwana uku.”

Mako biyu bai leƙa wurin ba. Inna ce ta shawo kansa, kuma ba da maganar likita ba. Ta tuna masa shekarar da suka je Yankari da abokan kasuwancinsa ya dawo yana ba da labarin ruwan Wikki har aka gaji da ji, yadda yake fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Ruwan Wikki digiri 31 ne, ba ya canzawa rani da damina. Ta ce, “Alhaji, wancan ka biya kuɗin mota ka je, wannan ɗanka ya kawo maka har gida kana yanga.” Washegari bayan la'asar ya ce in kafa labule. Ya shiga da dogon wando, ya kafa sharaɗi cewa ba zai yi alwala da ruwan ba, butarsa na nan, kuma kada wanda ya tsaya masa a ka.

Ina bayan labule ina jin motsin ruwa. Can sai na ji ya ce, “Kai, zo ka gani.” Na leƙa na tarar ya naɗe ƙafar dama har dunduniya ta kusa taɓa cinya, abin da rabona da ganin ya yi har na manta. Bai yi murmushi ba, Baba ba ya yi wa 'ya'yansa murmushi a kan irin wannan. Ya dai ce gobe ma a ɗumama.

Wata biyu komai na tafiya daidai, sai ƙuraje suka feso masa. Jajaye, masu ƙaiƙayi, a ciki da cinya, daidai inda wando ke manne wa jiki. Inna ta ce ƙurajen zafi ne. Ni da na gani na san ko mene ne, kuma kunya ta kama ni, domin na sha yi wa masu gadi da 'yan aiki faɗa a kan wannan a gidajen mutane. Ruwan ɗumi da ke tsaye gona ce ta ƙwayoyin cuta. Akwai wadda ke shiga ramin gashi ta kawo irin waɗannan ƙuraje, tana zaune ne a yauƙin nan da ke taruwa a cikin bututu da filta. Ni kuwa saboda Baba ya ce warin kulorin na damunsa sai na rage, daga baya na daina sawa gaba ɗaya, na ce ai mutum ɗaya ne ke shiga kuma ruwan garau yake. Garau ɗin ne ya yaudare ni. Na sa yatsa a bakin bututu na ji santsi kamar kuɓewa.

Ƙurajen sun tafi da kansu cikin kwana goma, amma ba su ne abin tsoron ba. Akwai wata ƙwayar da ake kira Lejiyonela, wadda aka gano bayan ta kashe mutane a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya a 1976. Ita ba ta fata take shiga ba, a feshin ruwa ake shaƙar ta ta zama ciwon huhu mai tsanani, kuma tsofaffi da masu shan taba ta fi kayarwa. Ta fi son ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, wato daidai irin namu. A 1999 a ƙasar Holan, wani baho irin wannan da aka ajiye don talla a wurin baje kolin furanni ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da talatin, kuma ba shiga suka yi ba, wucewa kawai suka yi ta kusa da shi. Baba ya haura saba'in da biyar. Da na tuna haka na zubar da ruwan a daren, na wanke bututu da kulorin mai ƙarfi, na jefar da filtar na sayo sabuwa.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Ina da 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su canza launi, ana samun su wurin masu sayar da kayan wurin ninƙaya. Kafin Baba ya shiga sai na tsoma. Kulorin kada ya gaza 3 a ma'aunin, tsamin ruwa kuma, wanda suke rubutawa pH, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Ruwan burtsatsenmu yana da ɗan tsami, sai na ƙara masa bekin soda kaɗan ya daidaita. Zafi yana cinye kulorin da sauri, abin da ka sa jiya da wuya ya kai yau. Na kuma gane cewa warin da Baba ke ƙi ba na kulorin mai yawa ba ne, na wanda ya riga ya haɗu da gumi da datti ne. Da na sa ya riƙa watsa ruwa da sabulu kafin ya shiga, ya daina shafa man zafi sai ya fito, warin ya ragu sosai. Filta duk mako nake wanke ta, famfo ya yi aiki aƙalla awa biyu a rana ko ba wanda zai shiga, ruwan kuma duk mako biyu nake sauya shi. Wanda aka zubar ba ya tafiya a banza, a bar shi kwana biyu a buɗe kulorin ya fita, Inna ta yi wanki da wanke tsakar gida. Wannan ne ya kashe maganar almubazzaranci. Garin kulorin kuma a ajiye shi a busasshen wuri nesa da yara, kada a kuskura a haɗa shi da ruwan batir ko wani abin wanke masai mai tsami, hayaƙin da ke tashi yana iya kisa.

Ƙananan matsaloli ba sa ƙarewa. Idan ka sauya ruwa ka kunna famfo ka ji yana gurnani amma ruwa ba ya tafiya, iska ce ta shiga, ka kashe ka ɗan sassauta mahaɗin da ke bakinsa har ka ji ta fita ruwa ya biyo. Kada ka bar hita a kunne a wannan hali, minti kaɗan ba ruwa ta ƙone. Ni ma na ƙona ɗaya. Idan ruwa ya rage ƙarfi, kafin ka zargi famfo duba filta.

Sai kuma aka zo kan kuɗin wuta. A farkon Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta mayar da yunit ɗaya naira 225 ga waɗanda ke Band A, daga ƙasa da naira saba'in, kuma layinmu na ciki. Lissafin ba shi da wuya. Kafin ka ɗaga lita dubu da digiri ɗaya kana buƙatar yunit ɗaya da ɗan ɗori. Nawa lita 750 ne, daga digiri 27 da ruwa ke fitowa daga tanki zuwa 37, kusan yunit tara ke nan, awa uku hita na ci ba tsayawa. A takarda ke nan. A zahiri ya fi haka, domin na yi kuskuren da ban gane ba sai da mita ta fara cinye ni: ban sa komai tsakanin bulo da ƙasa ba, kankaren kansa yana shan zafi, kuma na bar saman a buɗe. Mafi yawan zafin ta sama yake gudu tare da tururi. Sai ga shi ina kashe fiye da naira dubu biyu kullum a kan wanka ɗaya. Janareta kuwa ba a maganarsa, tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Murfi na fara yi. Na tara farin soson nan da ake naɗo firji da talabijin da shi, na jera shi kauri biyu, na naɗe da tamfol na ɗinke. Na manna irinsa a bangon waje na rufe da falange. Wannan kaɗai ya sa ruwan da Baba ya fita ya bari a 36 nake samun sa a 31 ko 32 washegari. Da na san haka tun farko da shi zan fara kafin tayil.

Daga nan na cire hita na koma wuta. Na sayi bututun jan ƙarfe mita goma sha biyar, na cika shi da yashi don kada ya lotse, na naɗe shi a jikin tukunyar gas ya zama kamar gammo mai hawa hawa, na zazzage yashin. Na sa shi a cikin rabin duro a waje da katangar kwarmin, ƙasa da bakin ruwa. Na huda bango wuri biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, na haɗa. Idan ka hura gawayi ko guntayen katako a tsakiyar naɗin, ruwan da ya yi zafi yana hawa da kansa ya fita ta ramin sama, mai sanyi ya shigo ta ƙasa, ba famfo ba wutar lantarki. Ranar da ya fara aiki har maƙwabcinmu Bayerabe ya shigo kallo, ya ce in zo in yi wa surukarsa. Dokokinsa uku ne: ramukan biyu su kasance cikin ruwa kafin a kunna wuta, kada a sa abin rufewa a kan bututun domin tururi idan ya rasa hanya fashewa yake, kuma murhun ya kasance a fili, hayaƙin gawayi a rufaffen wuri yana kashe mutum yana barci. Ruwan da ke fitowa ta sama yana ƙuna, na sa masa raga, kuma sai an juya ruwan da kyau kafin a auna, in ba haka ba sama zafi ƙasa sanyi. Kuɗin bai kai rabin na wuta ba. Na ji daɗin kaina sosai. Akwai doka ta huɗu da ban yi tunaninta ba.

A watan Yuli ne, ranar da aka wuni ana ruwa. Ina Lekki hanya ta cika, na san ba zan iso kafin magariba ba. Irin ranakun nan ne gwiwar Baba ta fi ciwo, sai ya sa ɗana mai shekara goma sha huɗu ya hura wutar. Yaron ya yi duk abin da ya ga ina yi. Ya juya ruwa, ya duba ma'aunin zafi ya ga 37, ya taimaka wa kakansa ya shiga. Abin da bai sani ba, domin ban taɓa faɗa masa da baki ba, shi ne ni ina kwashe garwashin kafin Baba ya shiga. Hita tana kashe kanta. Garwashi bai san digiri ba. Baba kuma ya ce masa ya tafi Islamiyya kada ya makara, ya bar shi shi kaɗai kamar yadda ya saba.

Zafin da ke hawa a hankali jiki ba ya jin sa. Baba ya ce daɗi ma ya riƙa ji, ga ruwan sama na sauka a kan kwano, har ya fara gyangyaɗi. Ya kai minti arba'in. Da ya ji kiran sallah ya yunƙura ya miƙe, sai duniya ta juya masa. Allah ya sa hannunsa na kan ƙarfen dafawa, ya faɗi ta gefen matakala, goshinsa ya bugi bakin tayil, rabin jikinsa a waje. Inna ta ji ƙarar daga kicin. Ita da maƙwabcin nan suka jawo shi. Shi maƙwabcin ne ya ce mini da ya duba ma'aunin da ke yawo a ruwan ya ga 42.

A asibiti na same su, an yi masa ɗinki huɗu. Likitar da ke aiki a daren ta tambaye ni ko yana shan maganin hawan jini, na ce yana sha. Ta ce zafi yana buɗe hanyoyin jini, jini ya sauka, maganin ma aikinsa ke nan, ga gumi ya fita ba a sha ruwa ba. Mutum ya miƙe farat ɗaya jini bai kai ƙwaƙwalwa ba, sai suma. Ta ce ko mai cikakkiyar lafiya bai kamata ya wuce digiri 40 ba. Na san wannan lamba, tana rubuce a jikin kowane baho da nake gyarawa. Sannan ta ce, “Da gaba ya faɗi ba gefe ba, da ba nan za ku kawo shi ba.” Ruwan santimita 60 ne kacal, amma wanda ya suma ko rabin haka ya ishe shi.

Yayata ta zo daga Ibadan washegari. A gaban kowa ta ce, “Kai da gwanintarka za ka kashe mana uba. Wa ya aike ka?” Ban ce komai ba, domin ba ni da abin cewa. Ɗana ya kwana biyu ba ya cin abinci, sai da na zaunar da shi na ce masa laifina ne, shi ya yi abin da aka koya masa, ni ne ban gama koyarwar ba. Na yanke shawarar fasa kwarmin, har na aro guduma.

Baba ne ya hana. Yana kwance da bandeji a goshi ya ce a kira ni. Ya ce, “Na ji an ce za ka rushe.” Na ce e. Ya ce, “Da mota ta kayar da ni a Ogbomoso ina kan kaya, motar aka ƙona ko ɗaurin aka gyara?” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ni na kori yaron. Ka faɗa wa yayarka haka.”

Wata guda ba a kunna wuta ba. Da muka koma asibiti na zayyana wa likitansa komai, ya yarda a ci gaba bisa sharuɗɗa, na rubuta su da fenti a jikin katanga don kada su zauna a kaina ni kaɗai. Ruwa kada ya wuce 36. A kashe wuta ƙurmus kafin ya shiga. Minti goma sha biyar, da agogo. Ya sha ruwa kofi guda kafin ya shiga, kuma ba dab da ya sha magani ba. In zai fita ya fara zama a matakalar sama minti biyu. Babba kuma, ba zai ƙara shiga ba sai da babban mutum zaune a wurin, labule ko ba labule. Wannan na ƙarshen ya fi yi masa ciwo, amma bai yi gardama ba. Murfin ma na sa masa kwaɗo saboda ƙananan jikoki.

Ga masu tambayata saboda iyayensu, ku fara da likita kafin ku zo wurina. Mai ciwon zuciya, mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi, mai buɗaɗɗen rauni, duk ba na yi musu sai da izini. Mai ciki kuwa ba ta shiga sam. Ko da matar ƙanena ta haihu, Inna ta so a riƙa ɗumama mata don wankan jego, ta ce ya fi sauƙin dafa tukunya. Na ƙi, muka ɗan yi sama da ita. Mai jego jikinta ɗanye ne, ba a zaunar da ita a ruwan da ke kwana. Kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego a can da zafin da ake gasa su da shi da kunun kanwa. Inna ta ce ita ta yi arba'in sau takwas ga ta nan daram. Na ce Allah ya ƙara lafiya, amma makullin yana aljihuna.

Kada kuma wani ya ɗauka Baba ya warke. Guringuntsi bai dawo ba, kujerar roba tana nan, da ita yake zuwa masallaci har gobe. Abin da ya canza shi ne yana barci, Inna ta huta da tashin dafa ruwa kafin asuba, kuma yana takawa har bakin titi ya zauna wurin 'yan goro ya yi musu gyaran ciniki ba su tambaye shi ba.

Yanzu ni ne mai zaman gadin, duk ranar da na dawo da wuri. Ina zama a kan bokiti da agogon waya a hannu, shi yana ciki yana naɗe ƙafa yana miƙewa sau ashirin ashirin kamar yadda aka koya masa. A wannan zama na minti goma sha biyar na ji labaran da ban taɓa ji ba, yadda ya kwana uku a tashar jirgin ƙasa ta Agege da ya fara zuwa, da bashin da ya kusa mayar da shi gida a shekarar da aka haife ni. Ranar Talatar da ta wuce, da ya fito ya huta ya canza kaya, ya ce in shimfiɗa masa darduma a ɗaki in ja ƙofa. Na ce in kawo kujera? Ya ce in bar ta a nan kusa. Raka'a biyu ya yi, ya kai goshinsa ƙasa, tabon ɗinkin yana taɓa darduma. Tashi daga sujada ta ƙarshe ya gagara, sai da na shiga na kama shi ta hammata. Ya zauna a bakin gado yana haki, ya ce gobe in ƙara gawayi a buhun, ya ga ya kusa ƙarewa.